Maɓallin da Na Saka wa Papi

Yau sai kun yi haƙuri da ni, domin abin da zan ba ku ba na dariya ba ne, kuma ni ce mai laifi a cikinsa. Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Wata ƙawata ma cewa ta yi wa ya aike ni in tona wa kaina asiri a gaban mutanen da ban taɓa gani ba. To amma idan na riƙa ba ku masu daɗin ina ɓoye irin wannan, ƙarya nake muku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Danitza, shekarata ashirin da bakwai, aikina rubuta manhajar kwamfuta. A garin Quillacollo muke. Gidanmu bene ne, sama muke kwana, ƙasa kuma shagon ɗinkin kayan rawa ne. Tun ina rarrafe nake cikin zare da ƙyalƙyali, har yau idan na kakkaɓe jakata a ofis sai 'yan duwatsun ado sun zubo. Mami, wato Doña Hortensia, ita ke riƙe da almakashi, ita ke riƙe da bakin gidan ma. Papi, Don Remberto, shi ne mai zane. Duk wani tsuntsu ko fure da ya fita daga shagon nan a bayan rigar ɗan rawa cikin shekara talatin, daga hannunsa ya fito.

Bara a watan Oktoba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya tashi, ya sake koyon tafiya, magana ta dawo sai ɗan nauyin harshe, amma hannun daman ya ƙi. Ranar da za a sallame mu likita ya ja mu gefe ni da Mami, ya ce mu sa ido, wani lokacin mantuwa kan biyo baya a hankali. A zatonsa Papi barci yake. Ni kuwa na ga yadda yatsun hagunsa suka damƙe bargo.

Wata takwas bai taka shagon ba. Sai a watan Yuli, da ƙungiyar 'yan rawan da muke wa ɗinki shekara goma sha tara suka kawo aikin mutum arba'in da takwas na Urkupiña, babban bikin garinmu na watan Agusta, kawai muka ji takunsa a matattakala. Ya sauko da rigar sanyinsa mai ruwan toka, ya ja kujera gaban kwamfutar shago, ya kama linzamin da hagu. Mami ta shige bayan labulen gwaji ta yi kukanta ta fito tana faɗa da masu ɗinki a kan wani zare da bai yi laifin komai ba.

Shi injin surfani ba ya gane zane haka kawai, sai an nuna masa duk inda allura za ta bi, ɗigo bayan ɗigo. Abin da Papi kan gama a kwana huɗu a da, sai da ya ci masa mako uku. Zane bakwai ne: na ƙirji, na kafaɗa, na hannu, na ɗamara, na wando, na hula, sai na baya, wanda shi ne babban, kondor, ƙaton tsuntsun nan na duwatsunmu, ya buɗe fikafikai da zare kala goma sha ɗaya. Ranar da ya gama shi ya kira mu muka tsaya a bayansa muna kallo. Ya ce, "Hagun ma ashe ta iya, rainin wayo ne kawai take min duk shekarun nan."

Yanzu sai in kawo muku Limbert, tunda ba yadda zan yi da shi.

Mu biyar ne muke rubuta wata 'yar manhaja a lokacinmu na hutu, muna ba kowa kyauta. Petaca muka sa mata suna, saboda akwatin fatar nan na kakanninmu. Aikinta ɗaya ne: kowace safiya ta ɗauki ajiyar yadda duk fayilolin kwamfuta suke a ranar, ta adana da kwanan wata. Ƙananan shaguna da ofisoshi ke amfani da ita, har da namu. Matsalarta, idan wani abu ya lalace, sai an kira ɗayanmu ya zo ya tono tsohuwar ajiyar da hannu. Shi ne na ɗauki nauyin saka mata maɓalli guda, Koma Baya, wanda mutum zai danna ya zaɓi rana, komai ya koma yadda yake a wannan ranar. Wata biyu ina kansa, kuma ina ji da shi ba kaɗan ba.

Muna da doka ɗaya da ba a taɓa karyawa ba. Ba wanda ke shigar da aikinsa cikin Petaca sai wani ya karanta shi layi-layi ya sa hannu. Mai duba nawa shi ne Limbert. Dogo ne, siriri, mai gilashi, ba ya iya shiga ɗaki bai gaida kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Shekara guda ke nan da ya ce yana sona, ni kuma na ce ya ba ni lokaci. Ba ƙinsa nake ba. Abin da ke ɓata min rai shi ne tun ranar da Mami ta gan shi ya rako ni bakin titi ta kafa min ƙahon zuƙa, har na kasa gane ko ni ce nake sonsa ko ita.

Ranar Lahadin da ta wuce na sauko cin abincin rana da tsohon wandon motsa jiki, gashina a cukurkuɗe na ɗaure shi da robar kuɗi. Sai ga Limbert a falonmu cikin farar riga da ta sha guga, kwalin kek a kan cinyarsa. Teburi ya sha shimfiɗar da ba a fito da ita sai Kirsimeti. Mami kuma ta sha shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, har da 'yan kunnen zinarin da kakata ta bar mata.

Na bi ta kicin. "Mami, wa ya gayyato shi?"

"Ƙafarsa ce ta kawo shi."

"Ƙafar tasa ta san ranar da kike dafa romon gyaɗa?"

"Mun haɗu a kasuwa, ya ɗaukar min kaya. In bar shi ya tafi da yunwa? Je ki canza wannan tsumman, kamar wadda aka koro daga asibiti."

Ban canza ba. Haka na zauna na sha kunu, ita kuwa ko a jikinta.

"Limbert, ɗana, ƙara nama. Ita wannan ko ƙwai ba ta iya soyawa ba, amma kada ka damu, tana da kirki idan tana barci."

"Mami."

"Ƙarya na yi? 'Yar Doña Zulema ajinku ɗaya, 'ya'yanta biyu yanzu. Ni ina shekarunki ina da ke, ina da shago, ina da miji. Ke me kike da shi? Kwamfuta."

Papi ya ce, "Hortensia, bar yarinya ta ci abinci."

Shi kuwa Limbert dariya ya yi. 'Yar ƙarama ce, irin ta wanda ya rasa inda zai sa kansa, na sani. Amma na ƙulle ta a raina.

Washegari Litinin ina ofis na ga ya gama duba aikina. Ga abin da ya rubuta a ƙasa:

"Aiki ya yi kyau sosai. Abu ɗaya ne. Idan mutum ya koma wata guda baya, duk abin da ya yi a cikin watan zai tafi, har da ajiyoyin da aka ɗauka a tsakani. Ki sa ta fara ɗaukar ajiyar yau ta keɓe ta kafin ta koma, sannan ki rubuta gargaɗi da maganar da kowa zai gane."

Gaskiya ya faɗa, kuma gyaran bai fi aikin rabin yini ba. Allah ya sani na gane haka tun a karatun farko. Amma da muryar Mami na karanta shi. Na ɗauki waya.

"Ai haka komawa baya take aiki a ko'ina. Duk wanda zai danna ya san me yake yi."

"Ba kowa ba, Dani."

"Jiya ka sha romo a gidanmu, yau kuma za ka koya min aikina?"

"Me ya haɗa romo da wannan?"

"Idan ba za ka sa hannu ba ka faɗa, in ba wani ya duba."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Minti goma sha ɗaya ina kallon wayar. Sai ga saƙo: "Na sa hannu. Amma ki yi min alkawari za ki gyara a fitowa ta gaba." Alamar babban yatsa kawai na tura masa, ko kalma ban rubuta ba.

Talata da safe kafin in fita na saka sabuwar Petaca a kwamfutar shago. So nake a gidanmu a fara ganin abin da kwamfutar tawa take haifarwa. Papi yana shan api, kunun masarar nan namu, a gefena, kofin a hannun hagu.

"Papi, ka ga wannan maɓallin? Idan wani abu ya ɓace maka, ka danna nan, ka zaɓi ranar da abin yake nan, zai dawo."

"Ko ni na goge shi?"

"Ko kai ka goge shi."

"Ke kika yi wannan?"

"Ni na yi."

Ya juya ya ce wa masu ɗinki, "Kun ji ko? 'Yata ce ta yi." Na fita ina jin kaina a sama.

Alhamis wajen ƙarfe sha ɗaya Mami ta kira ni. Ba ta taɓa kirana a wurin aiki ba sai da dalili.

"Ki zo gida."

"Papi ne? Ya faɗi?"

"Yana zaune. Ke dai ki zo."

Ban san yadda na shiga trufi, motar hayar nan, ba, ban san yadda na sauka ba. Tun daga bakin titi na san ba lafiya, don ba na jin ƙarar injin, kuma saura kwana goma sha ɗaya biki injin nan ba ya shiru. Na tarar da masu ɗinki biyu a tsaye jikin bango. Yadudduka ja da baƙi da aka yanka suna jibge a kan teburi suna jiran surfani. Papi yana gaban kwamfuta, yana buɗe folda yana rufewa, yana buɗe wata.

Mami ce ta ba ni labari a gurguje. Wani ɗan fure na gefen wuya yake nema, daga zanen bara, wanda ya goge a farkon Yuli lokacin da yake share tsofaffin kaya. Sai ya tuna da maɓallina. Ya danna, ya zaɓi biyar ga Yuli. Manhajar ta tambaye shi, "Ka tabbata?" domin iyakar gargaɗin da na rubuta ke nan. Ya ce e. Furen ya dawo. Zane bakwai kuwa babu su babu alamarsu, sai na hannu kaɗai da ya rage a cikin injin saboda shi ake ɗinkawa a lokacin.

"Nan na ajiye su," in ji Papi, ba tare da ya dube mu ba. "Na san nan na ajiye su. Ko ban ajiye ba?"

Ya juyo wajen Mami. Ban taɓa ganin idonsa haka ba, ko a asibiti.

"Hortensia, kin ga kondor ɗin nan ko? Na yi shi? Kin gan shi da idonki?"

"Na gan shi mana, Remberto. Duk mun gan shi."

"To ina na kai shi?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Tun kafin Mami ta gama bayani na san abin da ya faru, na san shi kamar yadda na san sunana. Kalma huɗu ce kawai: Papi, laifina ne wannan. Amma masu ɗinki suna tsaye, Mami tana tsaye, kuma shekaranjiya a wannan wurin ya ce 'yarsa ce ta yi. Sai na ce, "Kada kowa ya sake taɓa komai," na zare wayar wuta, na fita waje na kira Limbert.

Bai yi minti arba'in ba ya iso, da 'yar jakar kayan aikinsa, gumi a goshinsa duk da sanyin Agusta. Ko a wannan halin sai da ya gaida kowa. Ya kwance kwamfutar ya ciro faifan ajiya, ya naɗe shi a cikin wani ƙyallen karan-miski da Mami ta miƙa masa. Ya ce wa Papi, "Don Remberto, zan gwada iya ƙoƙarina. Wani lokacin abin da aka goge yana nan kwance idan ba a rubuta wani a kansa ba. Amma ba zan yi maka alkawari ba." Papi ya ɗaga kai kawai.

Na raka shi bakin ƙofa. Sai a nan ya dube ni sosai.

"Kin faɗa musu?"

Na girgiza kai.

"Ki ce ni ne. Ni na sa hannu."

"Kai ka gargaɗe ni."

"Na gargaɗe ki, sannan na sa hannu. Wanne ya fi muni?"

"Limbert, don Allah tafi ka duba faifan."

Ya tafi. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Da na koma Mami ta ja ni kicin ta turo ƙofa. Ta rage murya, abin da ban san ta iya ba.

"Na kira likita, ya ce mu kai shi Litinin. Kada ki ce masa komai, kin ji? Abin da aka faɗa mana ne ya fara. Goge su ya yi bai sani ba." Ta share ido da gefen rigar aikinta. "Kin dai ga yaron nan yadda ya baro aikinsa ya rugo. Irin wannan ake nema, Danitza, ba sai na yi ta faɗa ba."

Na ce to. Kun ji ni, to na ce. Na bar uwata tana shirin kai ubana a auna masa ƙwaƙwalwa a kan abin da na san hannuna ne ya yi. Na ce wa kaina bari in jira Limbert, wataƙila ya dawo da komai, sai maganar ta mutu ba wanda ya ji ciwo. Ƙarya nake wa kaina, domin ko an dawo da zanen, Papi zai ci gaba da zama da tunanin shi ya ɓatar da su.

Juma'a da safe bai sauko ba. Na ɗauki hutu a ofis na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya ba ce sosai. Wajen ƙarfe tara Mami ta sauko da wata 'yar takarda a hannu, rubutun hagu a karkace. Lambar wani saurayi ce mai zanen surfani a cikin gari, wanda Papi ya sha cewa tsuntsayensa kamar kajin da ruwa ya doka.

"Babanki ya ce in kira shi ya zana mana. Ya ce shi ya gama." Ta ajiye takardar a kan teburin yanka ta kasa ɗaukar waya.

Da tsakar rana saƙon Limbert ya shigo.

"Na samo na ɗamara da na hula, lafiya lau suke. Sauran sun farfashe. Na bi kondor ta hanya uku, babu. Ki yi haƙuri, Dani."

Wani ya biyo baya: "Na janye fitowar daga shafinmu, na rubuta wa kowa kada ya danna maɓallin. Na ce kuskuren dubawa ne."

Na zauna a kan matattakala na karanta sau uku. Ba sauran abin jira. Na hau sama.

Papi yana saman rufi inda muke shanya, a kan kujerar roba, ya juya wa rana baya, bargo a cinyarsa. Ƙwallon robar da aka ba shi don motsa hannu tana ƙasa kusa da ƙafarsa. Ana hango dutsen Tunari tas, ba gajimare ko ɗaya. Na ja bokiti na kifa na zauna a gabansa.

"Papi, ba kai ba ne."

"Bar lallashina, 'yata. Uwarki ta yi nata tun safe."

"Ba lallashi na zo ba. Faɗa min abin da ka yi jiya, ɗaya bayan ɗaya."

"Don ki gwada ni?"

"Faɗa min dai."

Ya ja numfashi. Ya ce ya kunna kwamfuta ƙarfe takwas da kwata. Ya tura wa injin zanen hannu. Ya tuna furen wuya na bara, mai ganye biyar, ya san ya goge shi ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan zuwan shugaban 'yan rawa, don haka ya zaɓi Asabar ɗin da ke gabanta, biyar ga wata. Ya danna maɓallin da ke kusurwar dama. Manhajar ta tambaye shi, ya amsa.

"Ka gani? Ko ɗaya ba ka manta ba. Har ranar da ka goge fure wata guda da ya wuce kana sane da ita. Abin da na ce ka yi shi ka yi, daidai."

"To ina zanen?"

"Maɓallin ne ya cinye su. Ba abu ɗaya yake dawowa da shi ba, Papi, komai yake mayarwa yadda yake a ranar da aka zaɓa, ya zubar da duk abin da aka yi bayanta. Haka na gina shi, kuma ban faɗa maka ba. Da likitan ne ya danna, ko ni, haka za ta faru."

Ya daɗe yana kallona.

"Sake faɗa."

"Kanka lafiya lau yake. Ni ce na yi aikin banza."

Ya rufe ido da tafin hagunsa. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ba sauti. Na durƙusa na riƙe hannun daman, wanda ba ya ji sosai, ina kuka kamar 'yar shekara biyar. Mun jima a haka.

Da ya sauke hannun ya ce, "Tun jiya nake jera sunayen 'yan'uwana a raina, da na titunan da ke tsakanin nan da coci. Duk wanda na ɗan yi jinkiri a kansa sai in ce shi ke nan, mantuwar ta zo." Ya goge fuska da bargon. "Yaushe kika sani?"

"Tun da na shigo jiya."

"Kwana guda kika bar ni a haka."

"E, Papi."

"Kwana guda cur."

"Tsoro na ji. Ka ce 'yarka ce ta yi, a gaban kowa."

Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya kalli dutsen can. Ni dai da ƙasa za ta buɗe da na shige.

"Lokacin da kike gina shi, ba ki san zai yi haka ba?"

Nan ma zan iya tsayawa, amma na gaji da ɓoyo. Na ba shi labarin dokarmu ta sa hannu, da abin da Limbert ya rubuta, da amsar da na ba shi. Har wayar na buɗe na karanta masa saƙonnin, ban tsallake na romon ba. Na zaci zai ce yaron kirki, kamar yadda Mami za ta ce. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Ya ga ramin, ya faɗa miki, kika ɗaure fuska, sai ya sa hannu?"

"Ni na matsa masa, Papi."

"Ban tambaye ki wa ya matsa ba. Uwarki sau nawa ta mayar min da zane a gaban ma'aikata ta ce ba zai hau injinta ba? In yi fushi in yi kwana biyu ba na mata magana, ita kuwa ko gezau. Shi ya sa shagon nan yake tsaye. Wanda zai matsa gefe ki faɗa don kada ki ɓata masa rai, me zai yi miki ranar da abin ya fi zane girma?"

"Ba haka yake ba." Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Shekara biyu yana mayar min da aiki, bai taɓa ɗaga min ƙafa ba sai wannan karon. Kuma don ya ga an kunyata ni a gabansa ranar Lahadi ne. Ko barci bai yi ba yana neman kondor ɗinka, ya kuma ɗora wa kansa laifin a gaban kowa alhali nawa ne. Kada ka ce haka a kansa."

Papi ya ɗaga gira ɗaya, wadda take ɗaguwa. Ni kaina sai da na ji abin da na faɗa ya ba ni mamaki. Shekara guda Mami tana yabonsa ina toshe kunne, yau an taɓa shi sau ɗaya na tashi kamar zan yi dambe da ubana.

"To," in ji shi. Ya yaye bargon. "Kama ni mu sauka. Ki ce wa uwarki ta yaga takardar nan, ta kuma kira likita ta ba shi haƙuri, ai na ji ta jiya tana waya da shi. Kondor yana nan a kaina, na riga na san hanyar allurar yanzu. Kwana goma zai isa idan ke za ki zauna kusa da ni kina riƙe min abin da hagu ta kasa."

"Zan zauna."

"Yaron kuma ki ce ya kawo faifan da kansa, ba ta hannunki ba. Ni da shi za mu zauna, ba ke, ba uwarki. Tambaya ɗaya zan yi masa. Idan amsar ba ta yi min ba, ko ke kika ce kina so sai mun yi rigima."

Na taimaka masa ya miƙe. Muka sauko a hankali, taki ɗaya-ɗaya, nauyinsa a kafaɗata. Da na zaunar da shi a kujerarsa ta shago na koma jikin matattakala na ciro waya. Sai da na gyara rubutun sau biyu.

"Na faɗa masa komai. Yana son ganinka, kai kaɗai. Ba wasa a fuskarsa."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo.

"Ina ƙofar gidanku tun ɗazu da faifan. Na kasa ƙwanƙwasawa ne."